Kwandem a Tankin Injin Gas: Ruwa da Yashi Suna Tacuwa, Toka Ba Ta Tacuwa

Tun daga 2022, lokacin da litar man gas, wato dizal, ta tashi daga ƙasa da naira 300 ta haura 700 cikin 'yan watanni, daga baya ma ta tsallake 1,000, masu injin niƙa da masu injin ban-ruwa da masu janareta suka shiga neman abin da zai rage musu zafi. Ido ya fi faɗawa kan baƙin man da ake saukewa daga motoci a gareji, wanda ake ce wa kwandem. Mai ne, yana cin wuta, kuma kuɗinsa bai kama ƙafar na gas ba. Shin injin gas zai sha shi?

Zai sha. Ƙarfin wutar da ke cikin litar baƙin mai bai gaza na litar gas ba, har ya ɗan ɗara, domin ya fi shi nauyi: litar gas tana kai giram 830 zuwa 840, ta baƙin mai kuwa wajen giram 880. Don haka duk wanda ya ce maka ya zuba kwandem injinsa ya tashi ya yi aiki, ba ƙarya ya yi ba. Abin tambaya shi ne awa nawa injin zai yi kafin a kwance tof silinda, wato kan injin, kuma ko abin da aka rage a kuɗin gas zai biya kuɗin ringi da nozul. Ra'ayina a taƙaice: a tsohon inji mai tafiyar sannu, da man da aka san asalinsa, an tace shi da kyau, a haɗa kashi 5 zuwa 10 cikin 100, abu ne mai yiwuwa. Daga kashi 20 zuwa sama, cin bashi ne daga rayuwar injin.

Abubuwa huɗu ne suka raba kwandem da gas: kauri, ruwa, datti, da toka. Uku na farko suna da magani a gareji. Na huɗun ba shi da shi, kuma shi ne ba a cika yin maganarsa ba.

A fara da kauri. Ana auna kaurin mai da santistok. Gas a zafin digiri 40 yana tsakanin 2 da 4.5. Man inji 15W-40 a wannan zafin yana wajen 105, 20W-50 kuwa ya wuce 150. Wato ninki talatin ko fiye. Aikin nozul shi ne ya fesa mai ya zama hazo, ƙananan ɗigo da za su gauraya da iskar da fistin ya matse ta yi zafi, su kama wuta cikin ƙiftawar ido. Mai kauri ba ya zama hazo, tsartuwa yake yi. Manyan ɗigo sai su wuce su bugi bangon silinda da kan fistin, rabi ya ƙone, rabi ya dafe ya zama kabon, wani kuma ya silale ta gefen ringi ya gangara cikin man injin. Dumama kwandem zalla ba ya warware wannan. Ko a digiri 100, 15W-40 yana nan wajen santistok 14, ninki uku na iyakar gas. Manyan jiragen ruwa suna shan mai da ya fi wannan kauri, amma su kan dumama shi zuwa digiri 130 ko sama, su wuce da shi ta injin tacewa mai juyi, kuma injinansu an ƙera su ne don haka tun farko.

Sa'ar da aka yi ita ce kaurin haɗi ba ya hawa daidai da yawan abin da aka zuba, gas yana tsinka baƙin mai sosai. Idan gas ɗin santistok 3 ne, kwandem 100, haɗin kashi 5 zai ba da wajen 3.3, kashi 10 wajen 3.7, kashi 20 wajen 4.7. Ka ga a kashi 20 an riga an taka iyaka. Kashi 30 ya wuce 6. Rabi da rabi kuwa ya kai 11, wanda sai an dumama shi zuwa wajen digiri 80 zai sauko inda nozul zai iya fesa shi. Wannan lissafin na digiri 40 ne, zafin bazara. Da asubar hunturu a Jos ko Funtuwa, haɗin da ya yi daidai a watan Afrilu zai ƙara kauri, har injin na iya ƙin tashi.

Yanzu toka. Man inji ba mai ba ne zalla. An zuba masa sinadarai: na kalsiyam da magniziyam don wanke cikin inji da kashe tsami, na zink da fosfaras don hana ƙarfe cin ƙarfe. Waɗannan dangin ƙarfe ne, kuma narke suke a cikin man kamar gishiri a miya. Ba filta ko ƙyalle ko injin juyi da zai fitar da su. Idan man ya ƙone, su ba sa ƙonewa, sai su zama toka. Ƙa'idar gas ba ta yarda toka ta wuce kashi 0.01 cikin 100 ba. Man injin gas yana ɗauke da wajen kashi 1, wasu ma sun wuce. Ninki ɗari ke nan. Haɗin kashi 5 ya riga ya ninka iyakar sau biyar, na kashi 20 sau ashirin.

A sa shi a sikeli. Lita ɗaya ta kwandem tana barin wajen giram 9 na toka. Injin niƙa mai shan lita ɗaya da rabi a awa, da haɗin kashi 20, yana ƙona lita 0.3 ta kwandem a awa. A aikin awa 8 a rana, giram 21 ke nan na toka kullum, a wata sama da rabin kilo. Mafi yawanta tana fita ta salansa, gaskiya ne, amma ragowar tana mannewa a bakin nozul, da kan bawul ɗin fitar hayaƙi, da ramin ringin sama. Ba irin tokar murhu mai laushi ba ce. Ɓawo ne fari-fari ko ruwan toka, mai tauri kamar sumunti, yana kankare bangon silinda kamar samfefa. Wanda ya ce maka ya tace mansa har maikiron 1 (kashi ɗaya cikin dubu na milimita) saboda haka ya zama gas, ya cire yashi ne kawai.

Wannan ne dalilin da ya sa kamfanin Cummins na Amurka mai ƙera injinan gas, da ya yarda a haɗa man da aka sauke daga inji a cikin gas, ya tsayar da iyaka a kashi 5, da sharaɗin a tace. Har na'ura ya ƙera mai suna Centinel, wadda ke ɗibar ɗan tsohon mai daga injin tana turawa tankin gas tana cika gurbinsa da sabo. Amma bai yarda da haka ba a injinan da ke da na'urar tace hayaƙi a salansa, domin tokar tana toshe ta. Idan masu ƙera injin da kansu sun tsaya a nan, wanda ya wuce ya san cewa shi ya ɗau wa kansa.

Ba kowane inji ne ke jurewa ba, kuma bambancin yana da girma. Mafi haƙuri shi ne Lista mai silinda ɗaya, irin CS da aka fara ƙerawa a Dursley ta Ingila wajajen 1930, da kwafinsa da ake yi a Rajkot ta Indiya. Yana juyi 650 a minti, don haka man yana samun lokacin ƙonewa. Yana fesa mai ne a wani ɗan ɗaki da ke cikin tof silinda, inda iska ke juyawa da ƙarfi, ba kai tsaye a kan fistin ba. Fanfon injektarsa, mai tura mai zuwa nozul, fulanja ɗaya ce, wato 'yar sandar ƙarfen da ke matsa man, kuma bakanike zai kwance kan injin ya kankare ya mayar a yini guda. Na biye da shi su ne 'yan Caina irin S195 da R175, su ma masu ɗan ɗaki ne, sai dai suna juyi 2,000 ko sama, lokacin ƙonewa ya ragu. Irin ZS1115 kuwa kai tsaye yake fesawa ta ƙananan ramuka, ya fi saurin toshewa. A motoci, tsofaffin Marsandi masu inji OM616 da OM617 sun yi suna wajen haƙuri, saboda ɗan ɗakin da kuma fanfon Bosch mai fulanja a jere. A Amurka masu wannan harka sun fi son tsohuwar motar soja M35, wadda aka ƙera injinta don shan mai iri-iri, amma ita ma tokar tana cin ta.

Inda za a yi hattara shi ne fanfo mai juyi, irin Bosch VE da ke tsofaffin motoci da dama, da irin CAV DPA da ke injin Perkins na tarakta Massey Ferguson. Wannan fanfo ba shi da wani man shafawa sai gas ɗin da ke ratsa shi. Duk dattin da ke cikin man yana goga kowane ƙarfe na ciki, kuma mai kauri da sanyin safiya yana iya sa kan fanfon ya cije ya karye. Kuɗin gyaransa zai cinye duk abin da aka rage a shekara.

Sabbin injina masu kwaman rel, wato waɗanda kwamfuta ke sarrafa feshin mansu daga bututu ɗaya mai matsi sosai, irin Hilux mai D-4D da sabbin manyan motoci da janaretoci masu kwamfuta, kada a kusance su da kwandem ko cokali ɗaya. Tsohon nozul yana buɗewa a matsin bar 115 zuwa 200 da wani abu. Kwaman rel yana aiki a bar 1,600 zuwa sama da 2,000, kuma tazarar da ke tsakanin ƙarafan injektarsa 'yan maikiron ne. Babu abin tattaunawa a nan.

Sai zaɓen mai. Wannan ya fi tacewa muhimmanci, domin abin da ya narke a ciki ba zai fita ba. Mafi kyau shi ne man da ka sauke da hannunka daga injinka, ka tara a kwano mai tsabta, ka juye a jarka ka rufe. Duron gareji kuwa komai ana zuba masa: man birki, man giya, ruwan lagireto, fetur ɗin da aka wanke kaya da shi, giris, tinar fenti, ga ruwan sama da ƙurar hunturu. Man birki ba ya gauraya da baƙin mai, yana kuma jan ruwa. Man giya 90 da 140 ya fi kauri, kuma cike yake da salfa, warinsa kaɗai zai gaya maka. Man da ya yi kalar shayi da madara ya sha ruwa, yawanci daga gasket da ya ƙone, a bar shi. Wanda ke warin fetur sosai ma a bar shi, domin yana da haɗari wurin dumamawa. Feshin wanke birki mai sinadarin kulorin idan ya shiga wuta yana fitar da iska mai guba da tsami mai cin ƙarfe. Kada kuma a haɗa da tsohon man suya, haɗin yakan yi danƙo ya toshe filta.

Akwai wanda ya fi duk waɗannan muni: man taransifoma. Ruwa-ruwa ne, fari tas, yana kama da gas, injin ma zai sha shi lafiya lau. Amma tsofaffin taransifoma da yawa mansu na ɗauke da sinadarin PCB, wanda yarjejeniyar Stockholm ta 2001 ta sa cikin waɗanda duniya ta amince a kawar. Ƙona shi a inji yana haifar da dayoksin, gubar da ke zama a jiki da ƙasa shekaru da yawa. Ba a gane shi da ido ko hanci. Duk man da ba ka san inda ya fito ba, musamman fari mai araha, ka bar wa mai shi.

Idan an samu tsohon man haidurolik ko man giyar otomatik mai tsabta, sun fi baƙin mai dacewa. Lambar man haidurolik, 32 ko 46 ko 68, ita ce kaurinsa a digiri 40, ka ga ya fi 15W-40 tsinkewa da yawa. Tokarsa kaɗan ce, kuma babu kunkunniya a ciki.

Tacewa tana farawa ne da haƙuri. A samu duro mai lita 200, a ɗora shi a kan bulo, a sa masa famfo biyu: ɗaya a can ƙasa don zubar da ruwa da laka, ɗaya kamar santimita 20 a samansa don ɗibar mai. A zuba man ta rariyar waya mai laushi, a rufe, a bar shi sati uku zuwa huɗu ba motsi. Duro baƙi a rana ya fi na inuwa, domin zafi yana tsinka man, ruwa da yashi su sauka da sauri. A ɗaure mayen ƙarfe, ko na tsohuwar lasifika ne, a jikin duron daga ƙasa ya kama garin ƙarfe. Kowane sati a buɗe famfon ƙasa a zubar har sai mai zalla ya fara fitowa.

Kwanciya ba ta fitar da duk ruwan, domin sinadarin wanki da ke cikin man yana riƙe shi. Gwajinsa ba wuya: a dumama faranti ko marfin gwangwani ya kai kamar digiri 150, a ɗiga man. Idan ya yi ƙara tas-tas ko ya yi kumfa, da ruwa. Idan ya bazu shiru da ɗan hayaƙi, ya bushe. Gas na ƙa'ida ruwansa bai wuce miligiram 200 a kilo ba, wannan gwajin kuwa sai ruwan ya kai wajen 500 yake nunawa, don haka man da ya yi ƙara ko kaɗan ya wuce iyaka nesa. Ruwa yana sa tsatsa a fulanja, yana cinye bakin nozul, yana kuma kumbura takardar filta.

Busar da shi ana yi ne a digiri 70 zuwa 80, ana juya man da fanfo yana zubowa daga sama a buɗaɗɗen duro don tururi ya fita, awa huɗu zuwa shida, sannan a sake gwaji. Hita mai kilowat 2 za ta kai lita 200 daga digiri 35 zuwa 70 a wajen awa biyu. Dole man ya riƙa yawo, in ba haka ba zai dafe a jikin hitar ta ƙone, kuma kada a kunna ta sai ta nutse gaba ɗaya. Abin da na fi jin tsoro a duk wannan aiki shi ne hura wutar itace a ƙarƙashin duro. Ruwan da ya kwanta a ƙasa idan ya wuce digiri 100 yana zama tururi a lokaci guda, ya tunkuɗo tafasasshen mai waje a kan wutar da kan mutum. In da fetur a ciki, tururinsa ya kama tun kafin nan. A yi aikin a fili, nesa da yara, da bokitin yashi a kusa. Ba a kashe wutar mai da ruwa.

Ga wani mataki da ake yawan tsallakewa: a haɗa da gas tukuna, sannan a yi tacewar ƙarshe. Dalili shi ne kunkunniyar da ke sa man baƙi ƙanana ce ƙwarai, ba ta kai maikiron 1 ba, kuma sinadarin da ke cikin man ne ke riƙe ta a warwatse. Idan aka tsinka man da gas, ƙarfin riƙon yana raguwa, sai ta dunƙule ta faɗo a matsayin laka. Wanda ya tace kwandem ya juye kai tsaye cikin tankin inji, a cikin tankin lakar za ta faɗo, shi ya sa za ka ga filta tana toshewa kowane kwana uku alhali an tace. A haɗa a jarka ko duro na dabam, a girgiza sosai, a bar shi kwana biyar zuwa bakwai, a ɗebi na sama. Kafin a yi babban haɗi, a gwada a kwalbar gilashi: idan bayan kwana biyu ya rabu gida biyu ko ya yi gudaji, man ya gurɓata da wani abu.

Filta ana jera su ne daga mai faɗin ido zuwa mai ƙanƙanta: maikiron 25, sai 10, sai 5, in da hali a ƙare da 2. Wanda ya fara da mai ƙanƙanta zai toshe ta a lita goma na farko. A bar man ya sauko da nauyinsa ko da fanfo mai sanyin matsi, domin matsi mai ƙarfi yana tura datti ya ɓula takardar. Filtar man inji ta mota ba ta isa tacewar ƙarshe ba, idonta yana wajen maikiron 20 zuwa 30. Ƙyalle, ko wandon jins da wasu ke amfani da shi, rariya ce kawai ta farko. Mai yin aikin da yawa ya nemi matatar juyi, irin wadda ke jikin injin Scania da wasu Mack da DAF, ana samun ta a wurin masu kayan gwangwan. Matsin man ne ke juya ta, tana bukatar wajen bar 6 da mai zafin digiri 70 zuwa 80, a bar duron ya zagaya ta sau da yawa. Baƙar lakar da za a kankaro daga cikinta za ta ba ka mamaki. Duk da haka man zai fito baƙi, kuma tokarsa na nan yadda take.

Don auna kauri, a samu babban sirinji, a cire abin turawa, a bar allurar, a cika da gas a ƙirga daƙiƙa nawa ya ɗauka kafin ya sauka daga wani layi zuwa wani. A wanke, a maimaita da haɗin a wuri ɗaya da lokaci ɗaya. Idan gas ya ɗau daƙiƙa 30, kada haɗin ya wuce 45. Ya wuce, a ƙara gas.

Game da tsinkawa da fetur: a Amurka akwai masu haɗa kashi 80 ko 85 na kwandem da 15 ko 20 na fetur. Ban goyi bayansa ba, musamman a ƙasar zafi. Fetur yana jinkirta kamawar wuta a injin gas har ya riƙa ƙwanƙwasa, yana tururi a cikin tiyo ya yanke mai, kuma yana mayar da iskar da ke saman tanki abin da tartsatsi ɗaya zai tayar. Tokar kuma ta zama ninki tamanin na iyaka. Kananzir ya fi lafiya wajen tsinkawa, amma da kuɗinsa na yau babu ribar da ta rage.

A haɗin kashi 5 zuwa 10 tanki ɗaya ya isa. A ƙara filta mai kwalbar raba ruwa kafin ta injin, a ajiye wata a kusa. Wanda ya nace sai ya kai kashi 20, to ya yi tanki biyu da bawul mai hanya uku. A tayar da injin da gas zalla, a bar shi minti 10 zuwa 15 da lodi har ruwansa ya yi zafi, sannan a juya zuwa haɗin. Minti 10 kafin kashewa a koma gas, don fanfo da nozul su kwana da mai tsabta. A lura da tiyon da ke mayar da rarar mai: idan yana komawa tankin gas, a hankali zai cika shi da haɗin, a rasa amfanin tanki biyun. Dumama haɗin da ruwan zafin injin ya fi naɗa bututun jan ƙarfe a jikin salansa, domin ruwa ba ya wuce digiri 80 zuwa 90, salansa kuwa tana kai ɗaruruwa, man da ya tsaya a bututun sai ya dafe ya saki kabon bayan filta.

Inji mai sanyi da inji marar lodi su ne abokan gabar wannan haɗi. Lista mai sanyaya da duron ruwa sau da yawa yana aiki da sanyi fiye da kima, ya kamata ruwan da ke fitowa daga kansa ya kai wajen digiri 80. Janaretan da ke ɗauke da kwata na ƙarfinsa, ko injin niƙa da ake bari yana sulo ana jiran masu kawo hatsi, za ka ga baƙin mai yana ɗiga daga bakin salansa. Man da bai ƙone ba ne. A ba shi lodin da ya kai kashi 60 zuwa 80, ko a kashe shi.

Bayan awa 50 na farko a zare nozul a duba. Siririn baƙi mai gogewa da yatsa ba komai. Idan kabon ya tsiro a bakinsa kamar ƙaho, ko aka ga farin ɓawo mai tauri, a rage haɗin. A wanke da burushin tagulla, ba na ƙarfe ba, a kai wa masu gyaran injekta su gwada feshinsa. Wahalar tashi da safe, farin hayaƙi ko shuɗi mai yaji a ido, da raguwar ƙarfi, duk suna nuna nozul. Hayaƙi yana bulbulowa daga wurin zuba mai yana nufin ringi ya maƙale ko silinda ta ci. Sautin fus-fus a salansa da saukin juya hannun tayarwa yana nufin toka ta hana bawul zama, wuta ta fara cin gefensa. A rage lokacin canjin man injin zuwa rabi, kuma a duba geji kullum. Idan man yana ƙaruwa maimakon raguwa, haɗin ne ke gangarowa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne: in ya cika ya wuce, injin na iya fara shan man cikinsa ya ruga da gudu, rufe gas ba zai tsayar da shi ba. Abin yi shi ne a toshe hanyar shan iska da katako, ba da tafin hannu ba, ko a ɗaga libar sakin matsi idan injin na da ita.

A yi lissafin kuɗi kafin a sayi duro. A ɗauka gas naira 1,000 ne, don saukin ƙirga, injin kuma yana shan lita 12 a rana. Haɗin kashi 10 ya rage lita 1.2, naira 1,200 a rana, 36,000 a wata. Daga ciki a cire kuɗin kwandem ɗin, da filtoci, da wutar dumamawa, da ƙarin canjin mai, da wankin nozul. Ga mai Lista da ke da man da yake saukewa daga motarsa ko taraktarsa kyauta, akwai ɗan abin da ya rage, kuma ya rabu da man ba tare da ya zubar a kwata ba. Ga wanda zai sayi kwandem ɗin gareji ya zuba a injin miliyoyi, babu.

Hanya ɗaya ce ke raba mai da toka, wato a mayar da man tururi a sake daskarar da shi, domin ƙarfe ba ya bin tururi. Aikin masana'anta ne, da zafin da ya haura digiri 300 da na'urar zuƙe iska. Tukunyar da aka yi wa walda a bayan gida tana fitar da mai wari mai saurin yin danƙo, kuma bututunta ɗaya ya toshe, sai fashewa.

Hayaƙin ma abin dubawa ne. Tun 2012 hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hayaƙin injin gas cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar, wannan da gas mai tsabta ke nan. Haɗin kwandem ya ƙara masa ƙurar zink da dalma da sauran ƙarafan da suka goge daga cikin inji. A shagon niƙa, inda mata da yara ke tsayawa da kwanukan gari a buɗe, dole bututun salansa ya fita waje ya wuce saman rufi, ba ya huro cikin rumfa ba. Mai aikin tacewa ya sa safar hannu ta roba, domin daɗewar tsohon baƙin mai a fata yana da illa, kuma ya wanke da sabulu, ba da fetur ba.

Lakar ƙasan duro da tsofaffin filtoci su ne suka tattara mafi munin abin da ke cikin man. Kada a zuba su a kwata, ko masai, ko kusa da rijiya, ko a fadama inda injin ban-ruwa yake, domin lita ɗaya tana ɓata ruwa mai yawan gaske. Kada a hura murhun girki da su, kada kuma a shafa wa dabba a kan ciwo. A tara a jarka mai marfi, a rubuta abin da ke ciki, a ajiye a kan sumunti ƙarƙashin rufi har a miƙa wa masu sayen kwandem da ke kai wa masana'anta.